Ɗana, Duba Abin da Ka Rubuta wa Ɗan Aikenka

Ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan sana'a taku ta rubuta manhaja, kai da tsararrakinka da nake gani kuna hawa mashin daga Paikon Kore zuwa Gwagwalada da kwamfuta rataye a baya. Wasunku a Jami'ar Abuja suka koya, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a ƙarshen 2023, wasu kuwa wayarsu ce malaminsu, da datar dare da haƙuri. Duk na yaba, kuma ina yi muku addu'a. Sai dai na lura cewa daidai wurin da ya fi bukatar natsuwa, nan ne kuke yin gaggawa, saboda haka na ga bai kamata in yi shiru ba, tunda wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Maganata a kan ƴan layukan nan ne da kuke rubutawa domin bayyana wa ƙirƙirarriyar basira abin da kowane kayan aiki yake yi. Ka fi ni sanin tarihin, amma bari in tuna maka. Lokacin da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, magana kawai yake yi, ka tambaya ya amsa, idan ya yi kuskure kuma kuskuren yana nan a kan allo, bai taɓa aljihun kowa ba. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da manhajar za ta riƙa kiran wasu manhajoji su yi mata aiki. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, wata ƙa'ida ta bai-ɗaya ta haɗa irin waɗannan manhajoji masu aiki a madadin mutum, waɗanda ake kira wakilai, da kayan aikinsu, kuma a Maris ɗin 2025 OpenAI ma ya karɓe ta. Daga nan abin ya tashi daga hira ya koma aiki. Yau wakili yana tura kuɗi, yana aika saƙo da sunanka, yana buɗe rajista yana rubutawa yana gogewa, kuma sau da yawa babu mutum a tsaye a kansa.

To, me wannan wakili yake gani idan ka miƙa masa kayan aiki? Ba ya ganin lambobin da ka kwana kana rubutawa a ciki, ba ya ganin rumbun bayananka, ba ya jin hirar da kuka yi da wanda ya ba ka aikin. Abu uku kawai ke gabansa: sunan kayan aikin, da bayanin da ka rubuta a kansa, da guraben da zai cike. Da waɗannan ukun zai yanke shawarar ko ya ɗauka ko ya bari, da abin da zai saka a ciki. Ka ɗauke shi kamar baƙon da ya sauka jiya a garin nan, mai kaifin ƙwaƙwalwa, mai biyayya, wanda ya karanta littattafan duniya amma bai taɓa taka hanyar kasuwarmu ba, sai ka ba shi takarda ka aike shi. Ba zai dawo ya tambaye ka ba sai idan takardar ta ce ya tambaya, kuma duk inda ka bar giɓi, da zato zai cike shi, cikin kyakkyawar niyya da cikakken ƙarfin gwiwa. Idan ya dawo da abin da ba ka so, kafin ka zage shi, sake karanta takardarka.

Wannan shi ne tushen duk abin da zan faɗa maka. Ba a auna kyawun bayani da idon wanda ya rubuta shi, domin shi marubucin ya riga ya san abin da yake nufi, saboda haka ko kalma biyu ya rubuta zai ga sun wadatar. Ana auna shi ne da abin da wanda bai san komai ba ya aikata bayan ya karanta.

Bari mu zo gida, domin maganar ta fi zama a kai. Ka san makiyayar da gwamnati ta keɓe a nan Paikon Kore, ka san cibiyar tattara madara da sanyaya ta da kamfanin Nestlé ya buɗe a wurin, ka kuma ga iyalan makiyaya da ke sammako da madararsu kafin rana ta yi zafi. A ce wata ƙungiyar masu kawo madara ta kira ka, ta ce ka haɗa mata wakilin da zai riƙa rubuta litar da kowa ya kawo, ya duba lissafi, ya kuma biya kowa haƙƙinsa a ƙarshen mako. Na ga irin abin da yawancinku kuke rubutawa a irin wannan hali. Za ka sa wa kayan aikin suna, a ƙarƙashinsa ka rubuta "yana biyan kuɗi", ka buɗe gurbi biyu, ɗaya "adadi", ɗaya "mutum", ka wuce kana jin ka gama.

Ɗana, adadin me? Naira ko kwabo? Kada ka ce wannan tambayar tsofaffi ce, domin kamfanin Paystack, wanda yawancinku kuke haɗa manhajojinku da shi, da kwabo yake karɓar lissafi, kuma ya rubuta hakan a sarari a takardunsa, ta yadda naira 5,000 sai an rubuta ta 500000. Idan kayan aikinka da kwabo yake aiki kuma ba ka faɗa ba, wakili zai rubuta 5000, matar da ta yi mako guda tana tatsa tana ɗauka a kai za ta ga naira 50 ta shigo mata. Idan kuma naka da naira yake aiki, wakilin ya tuna al'adar da ya gani a wasu wurare ya ƙara sifiri biyu, to naira 500,000 ta fita daga asusun ƙungiya zuwa hannun mutum ɗaya, kuma ka san yadda ake shan wahala kafin irin wannan kuɗi ya dawo. Shi kuma "mutum", sunansa ake so, ko lambar wayarsa, ko lambar asusunsa ta banki mai lamba 10, ko lambar katinsa na ƙungiya? Idan suna ne, Hauwa nawa ke cikin rajistar? Idan lambar waya ce, da sifiri za a fara ko da +234?

Manyan masana ma irin wannan ramin ya taɓa cin su. A Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter bayan ya yi watanni yana tafiya, domin wata manhaja tana ba da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam irin na Amurka, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukar lambobin a ma'aunin nuton. Kowane ɓangare ya yi lissafinsa daidai, abin da ya ɓace shi ne tabbatar da cewa ma'auni ɗaya ake magana a kai.

Ga yadda zan so in ga ka rubuta wancan bayani, ko da Turanci ne ko da Hausa, ma'anar dai ɗaya ce: "Wannan yana tura kuɗin madara zuwa asusun mamba ɗaya na ƙungiya. A yi amfani da shi ne kawai bayan ma'aji ya amince da lissafin mako. Ba a amfani da shi don duba bashi ko ragowar kuɗi, wannan aikin duba_lissafi ne. Ana rubuta kuɗin da kwabo, wato naira 5,000 ita ce 500000. Ana saka lambar mamba da ke kan katinsa, ba sunansa ba. Idan suna kawai aka bayar, a fara nemo lambar da nemo_mamba, idan kuma sunan ya dace da mutum fiye da ɗaya, a tambaya. Kuɗin da ya fita ba ya dawowa. Idan amsa ta yi jinkiri, kada a sake turawa, a fara duba ko na farkon ya shiga."

Ka lura da jimlar ƙarshe, domin ita ce wadda ɗan wata ƙasa zai iya mantawa amma kai ba ka da uzuri. Ka san halin sabis ɗinmu, ka san yadda mai POS zai ce maka bai tafi ba alhali an riga an cire, ka san tsayuwar da ake yi ana jiran alat. Wakili idan bai ji amsa ba, ɗabi'arsa ce ya sake gwadawa, saboda haka idan ba ka gargaɗe shi ba, sai ya biya mutum ɗaya sau biyu yana ganin ƙoƙari yake yi. Kuma kada ka tsaya ga gargaɗin kawai, ka gina kayan aikin ta yadda ko an kira shi sau biyu a kan biya ɗaya, sau ɗaya zai fitar da kuɗi, domin abin da za a iya toshewa da gini bai kamata a bar shi ga roƙo ba.

Yanzu mu zo ga awon kansa, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na zaunar da kai. Gwaji na farko ba ya bukatar kwamfuta ko data. Ka kwafe bayanin kaɗai a takarda, ka ba abokinka wanda bai taɓa ganin aikin ba, kai kuma ka kame bakinka. Ka tambaye shi yaushe zai ɗauki wannan kayan aiki, yaushe zai bar shi, me zai saka a kowane gurbi, me yake sa ran zai dawo masa, kuma wace ɓarna za a yi idan ya kuskure. Duk inda ya ɗago kai ya ce "kana nufin...?", sa alama a wurin, domin a daidai nan wakili zai yi zato. Wahalar wannan gwaji ita ce yin shiru, saboda ranka zai yi ta so ka yi masa ƙarin bayani da baki, amma ka tuna ranar aiki ba ka nan, takardar ce kawai za ta yi magana.

Bayan wannan sai gwajin gaske, wato ka sa wakilin aiki ka ga abin da zai yi. A nan ne nake ganin mafi yawan yaudarar kai. Yaro zai rubuta tambaya uku masu tsabta da kansa, irin waɗanda ya san amsarsu, ya gwada sau ɗaya, ya ga ta yi, ya ɗauki hoton allo ya sa a WhatsApp. Wannan ba awo ba ne, ɗana, neman yabo ne. Tashi ka je wurin masu aikin, ka zauna kusa da mai rajista da safe, ka rubuta maganganun da mutane suke yi da bakinsu, yadda suka zo, da ƙarancinsu da karkacewarsu. "Ba Hauwa kuɗinta." "Na jiya ba a rubuta mini ba." "Nawa ya rage mini, ban da abin da na ranta?" "A haɗa nawa da na mijina." Ka tara su da yawa, ka rubuta a gefen kowace abin da ya kamata a yi: wane kayan aiki, da wace lamba, a wane jeri. Ka tabbata a cikinsu akwai waɗanda amsarsu ita ce kada a taɓa komai, da waɗanda amsarsu ita ce a tsaya a yi tambaya. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, waɗanda suka kafa allon gasar kiran kayan aiki a 2024, sun ware wani sashe musamman domin auna ko manhaja ta san lokacin da babu kayan aikin da ya dace, saboda sanin lokacin janye hannu rabin iyawa ne. "Ba Hauwa kuɗinta" ba umarnin biya ba ne tukuna, tambaya ce: wace Hauwa?

Kuma kowace jarrabawa ka maimaita ta, domin waɗannan manhajoji ba kullum suke ba da amsa iri ɗaya ga tambaya ɗaya ba. Wanda ya ci tara cikin goma a makaranta gwani ne, amma wakilin da ke biyan kuɗi daidai sau tara cikin goma, a ƙungiya mai mamba 100, yana nufin kimanin gida 10 za su kwana da ɓacin rai kowane mako. Ka riƙa juya makin zuwa mutane kafin ka yi murna da shi.

Sannan kada ka tsaya ga maki. Buɗe kundin abin da ya faru ka karanta shi layi-layi, ka ga me wakilin ya fara ɗauka, ina ya yi jinkiri, ina ya kira abu ɗaya sau uku, ina ya ƙirƙiro lambar da babu ita. Na san aiki ne mai gundura, ido yana gajiya, wuta tana ɗaukewa, batir yana ƙarewa, amma a nan ne bayaninka yake faɗa maka gaskiya game da kansa. Injiniyoyin Anthropic sun ba da labari a Disamban 2024 cewa lokacin da suke gina wakilin gyaran manhaja, lokacin da suka kashe wajen gyara kayan aikin ya fi wanda suka kashe wajen gyara babban umarnin. Sun ga wakilin yana kuskuren adireshin fayil idan ya bar babban kundi ya shiga wani, sai suka sauya kayan aikin ya zama dole a rubuta cikakken adireshi tun daga tushe, kuskuren kuma ya tsaya. Ka ga ba su zargi wakilin da daƙiƙanci ba, sun duba inda yake tuntuɓe ne suka cire dutsen. Irin wannan tawali'u nake so ka ara daga gare su, ba sunansu ba.

Idan ka zo gyara, gyara abu ɗaya ka sake gwadawa, domin idan ka sauya biyar lokaci guda aka samu ci gaba, ba za ka san wanne ya yi aiki ba, idan kuma aka samu koma baya, ba za ka san wanne za ka cire ba. Ka kuma ɓoye wani kaso na jarrabawar, kada ka duba shi yayin gyara, sai a ƙarshe, saboda mutum yana iya yi wa bayani kwaskwarima har ya dace da tambayoyin da ke gabansa kaɗai, ranar da sabuwar tambaya ta zo sai a ga ba a koyi komai ba.

Akwai wani abu da ba ya bayyana idan kana duba kayan aiki ɗaya-ɗaya. Bayani yana iya yin kyau shi kaɗai, amma ya rikitar idan aka ajiye shi kusa da ɗan'uwansa. Idan kana da nemo_mamba da duba_mamba da samo_mamba, kai kanka bayan wata biyu sai ka yi tunani kafin ka tuna bambancinsu, balle baƙo. Ka jera su duka a shafi ɗaya ka karanta kamar yadda wakili zai gan su, waɗanda aikinsu ɗaya ne ka haɗe su, waɗanda suka bambanta kuma kowanne ya faɗi iyakarsa ya nuna ɗan'uwansa. Yawan kayan aiki ba arziki ba ne a nan, domin kowanne yana cin wuri a ɗan filin da wakilin ke riƙe tunaninsa, kuma yana ƙara masa hanyar ɓata. Haka nan abin da kayan aikin ke dawowa da shi: idan an tambayi lissafin mutum ɗaya, kada ka juye masa rajistar shekara. Saƙon kuskure ma bayani ne. "Kuskure 400" ba ya koya wa kowa komai, amma "lambar mamba tana da lamba shida, ka saka huɗu" tana mayar da shi kan hanya nan take.

Wurare da ranaku ma ka sa musu ido. Mu nan idan muna gaggawa Paiko muke cewa, alhali akwai Paiko a jihar Neja, hedkwatar ƙaramar hukumar Paikoro, kuma wakilin da aka ce ya nemo mota ko hasashen yanayi na Paiko zai iya tafiya can ya dawo maka da amsa mai kyau ta garin da ba naka ba. Ranar da ka rubuta 3/4 kana nufin uku ga Afrilu, manhajar Amurka huɗu ga Maris za ta karanta. Idan kuma aikinka ya ƙetara iyaka zuwa Maraɗi, ka sani a kasuwar can da dala ake ƙirga, kowace dala sefa 5, saboda haka mai cewa ɗari biyar sefa 2,500 yake nufi. Babu wani kamfani a Amurka da zai rubuta maka waɗannan a bayaninsa, kai ne ɗan gida, kai ne ka san su, kuma wannan sani shi ne jarinka da babu wanda zai ƙwace maka. Saboda haka ko da Turanci ka rubuta bayanin, da Hausa za ka yi jarrabawar, da irin Hausar da ake yi a bakin cibiyar, mai gauraye da Fulatanci da Turancin kasuwa, domin da ita za a yi wa wakilin magana.

Na ji wasunku suna cewa yanzu an huta, sai a ba wata manhajar bayanin ta ba shi maki. Ban hana ba, yana da amfani, tana saurin gano gurbin da ba a bayyana ba ko jimlar da ke da harshen damo, kuma idan kayan aikin sun kai ɗari, idon mutum ɗaya ba zai iya ba. Amma ka san iyakarta. Ita rubutun take gani, ba ta ganin ko rubutun gaskiya ne. Bayani yana iya zama dogo, mai tsari, mai daɗin karatu, ya ci maki cikakke, alhali abin da ya faɗa ba shi ne abin da kayan aikin ke yi ba. Tsawo ma ba inganci ba ne, domin akwai mai cika shafi da yabon kayansa, "mai sauri, mai ƙarfi, na zamani", bai faɗi ko naira ce ko kwabo ba.

A nan maganar ta bar fasaha ta koma hali, kuma nan ne na fi so ka saurare ni. Bayanin kayan aiki alkawari ne. Idan ka rubuta cewa dubawa kawai yake yi, alhali yana rubuta wani abu a ɓoye, ka yi ƙarya, ko da mantuwa ce ta sa, domin wakili zai kira shi hankali kwance yana zaton ba ya ɓata komai. Ƙa'idar MCP ta tanadi alamomin da ake sa wa kayan aiki a nuna ko karatu kawai yake yi ko yana iya gogewa, amma waɗanda suka rubuta ƙa'idar da kansu sun yi gargaɗin cewa kada a dogara da alamar idan ba a amince da wanda ya sa ta ba. Ka ga duk ginin a kan amanar marubuci yake tsaye. Ranar da ka sauya aikin cikin manhajar, a ranar za ka sauya bayanin, kada ka ce sai gobe, domin tsohon bayani a kan sabon aiki ya fi rashin bayani haɗari.

Kuma kamar yadda za ka riƙe amana, kada ka ɗauka kowa yana riƙewa. A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na kamfanin Invariant Labs sun nuna yadda za a iya ɓoye mugun umarni a cikin bayanin kayan aiki, a wurin da mai amfani ba ya gani a allonsa amma wakili yana karantawa, ta yadda kayan aikin da aka ce lissafin tara lambobi kawai yake yi zai sa wakilin ya kwaso fayilolin sirri ya miƙa wa wani. Wakilin ba ya iya bambanta umarnin maigidansa da umarnin ɓarawo idan duka a takarda ɗaya suka zo masa. Saboda haka duk kayan aikin da ka sauko da shi daga intanet, karanta cikakken bayaninsa da idonka kafin ka haɗa shi da rajistar mutane, kuma ka sake karantawa duk lokacin da aka sabunta shi, domin wanda yake da tsabta yau yana iya sauyawa gobe. Sunayen matan nan da lambobin asusunsu amana ce a hannunka, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 za ta tambaye ka a kansu, kuma akwai tambayar da ta fi ta doka nauyi.

Ƴar'uwata, ke ma da ke cikin wannan sana'a, ina da magana da ke. Na san a wasu wuraren aiki idan an raba ayyuka, sai a tura miki rubutun bayani da gwaji kamar abin da ya rage bayan maza sun zaɓi nasu. Kada ranki ya ɓaci, kuma kada ki yi shi da sanyin jiki, domin a wannan zamani wannan rubutun shi ne linzamin, wanda ya riƙe shi kuwa shi ke juya aikin. Ke ce za ki iya shiga ruga ki zauna da matan su saki jiki su faɗa miki yadda suke ƙirga kwanaki da yadda suke kiran junansu, abin da ba za su faɗa wa namiji baƙo ba. Ki rubuta abin da kika ji, ki mayar da shi jarrabawa, kuma idan sakamako ya nuna ba a shirya ba, ki faɗa a fili da ladabi, ki tsaya a kan maganarki ko da ana gaggawar miƙa aiki.

Na san matsin da kuke ciki, ɗana. Mai aiki yana so a gama jiya, kuɗin kaɗan ne, abokanka sun riga sun sa nasu a intanet ana tafa musu. Amma waɗanda za su ɗauki nauyin gaggawarka ba su san sunan MCP ba, ba za su taɓa ganin layukan da ka rubuta ba, abin da za su gani shi ne alat ɗin da ya shigo ko bai shigo ba, kuma a ƙaramin gari irin namu, idan aka ce na'urar ɗan gidan wane ta cinye kuɗin mutane, babu wanda zai tsaya bincike a kan sifiri biyu.

Saboda haka abin da nake roƙonka kaɗan ne. A cikin wannan makon, zaɓi kayan aiki ɗaya daga cikin naka, wanda yake taɓa kuɗi ko yake goge wani abu, ka kwafe bayaninsa ka ba wanda bai san aikin ba, sannan ka je ka tattaro maganganun mutane na gaske ka gwada wakilin da su, ka karanta kundin har ƙarshe. Kada ka haɗa shi da asusun kowa sai ka yi wannan. Idan ka gama, kawo mini sakamakon mu duba tare bayan sallar la'asar. Allah ya ba ka sa'a, ka gaida mini mahaifiyarka.